Ruwan da mayen ƙarfe ke ja: labarin ya faro ne daga kumbo

Jama'a, wa ya tuna lokacin da muke ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar rediyo, mu ja shi cikin rairayi, baƙin gari ya manne masa kamar gemu? To, irin wannan garin ne wani injiniya na hukumar NASA ta Amurka, Steve Papell, ya mai da ruwa a 1963.

Matsalar da ta dame shi ita ce man kumbo. Can sararin samaniya babu nauyi, mai ba ya kwanciya a gindin tanki, sai ya yi ta yawo, famfo ya rasa abin zuƙa. Papell ya ce, in man zai ji kiran maganaɗisu fa? Sai ya niƙa baƙin dutsen ƙarfe da ake kira magnetite cikin mai, niƙa ba ta wasa ba, har ƙwayoyin suka yi ƙanƙantar da sai an jera wajen 100,000 kafin su cika milimita 1. Ya haɗa da wani sinadari mai maiƙo da ke lulluɓe kowace ƙwaya don kar su dunƙule. A 1965 ya samu takardar mallakar wannan ƙirƙira.

Abin dariya, ba a kai ga zuba shi a tankin kumbon ba.

Amma ruwan ya zo da abin mamaki. In ka kusanto da maganaɗisu ƙarƙashin faranti, da farko shiru, fuskar ruwan sumul. Da ƙarfin ya wuce wani mizani, nan take sai ƙayoyi su miƙe kamar bayan bushiya, a jere irin na saƙar zuma. Cowley da Rosensweig ne suka warware dalilin a 1967: kokawa ce ta ƙarfi uku. Maganaɗisu na jan ruwan sama, nauyi na mai da shi ƙasa, fatar saman ruwan kuma ba ta son a miƙe ta. Inda suka daidaita, nan ƙayar ke tsayawa.

A 1968 Rosensweig da abokinsa Moskowitz suka kafa kamfanin Ferrofluidics. Daga baya ruwan ya samu gida a cikin lasifika, inda zaren waya ke ɗaukar zafi in an ƙure murya. Ɗan ɗigo ake sawa a wurin, mayen ƙarfen ya riƙe shi kada ya zube, shi kuma ya kwashe zafin kafin wayar ta ƙone. Ba kowace lasifika ke da shi ba, an fi sa shi a ƙananan nan masu fitar da siririyar murya.