Nauyin da Ya Ɓuya a Gungun Coma

A shekarar 1933, Fritz Zwicky, masanin falaki ɗan ƙasar Suwizalan da ke aiki a Caltech ta Amurka, ya duƙufa kan gungun Coma, taron galaksi sama da dubu, kowace ɗauke da biliyoyin taurari. Da ya duba gudun wasu daga cikin galaksin, sai lissafi ya ƙi haɗuwa. In da nauyin taurarin da ake gani ne kaɗai ke riƙe da su, da tuni sun watse kamar kasuwa ta tashi. Ya ce lallai akwai wani nauyi a ɓoye, da ya ninka na bayyane sau wajen 400. Adadin ya zarce, domin ma'aunin nisan samaniya na wancan zamani yana da kuskure, amma tushen maganar ya tsaya daram. Abin takaici, kusan shekara 40 masana suka yi suna yi mata kunnen uwar shegu.

Masu ja ba su rasa hujja ba. Wasu sun ce ai gas ne da madubin hangen nesa ba ya kamawa. Sun yi gaskiya rabi: tauraron ɗan'adam Uhuru, da aka harba daga gaɓar tekun Kenya a 1970, ya hango hasken eksire na gas mai tsananin zafi a cikin gungunan galaksi, gas ɗin kuwa ya fi taurarin nauyi. Sai dai ko an haɗa su duka, kusan kashi ɗaya cikin shida na abin da ake buƙata kawai suke bayarwa. A 1983 Mordehai Milgrom ya zo da ƙalubale mafi kaifi, cewa dokar jan nauyi ta Newton ce ke buƙatar gyara. Ra'ayinsa ya dace da juyawar galaksi ɗaiɗai, irin waɗanda masaniyar falaki Vera Rubin ta auna, amma a gungu har yanzu giɓi na saura.

A ganina gungun Bullet ne ya fi ƙarfin shaida. A 2006 Douglas Clowe da abokan aikinsa suka nazarci wannan gungu, wanda a zahiri gungu biyu ne da suka yi karo: gas ɗinsu ya cije a tsakiya, galaksi suka ratsa suka wuce. Da aka auna yadda nauyi ke lanƙwasa hasken da ke zuwa daga baya, sai aka tarar mafi yawan nauyin ya bi galaksi, ya bar gas ɗin. In da gyaran doka kaɗai ya isa, a wurin gas ɗin ya kamata jan ya fi ƙarfi, tunda nan ne mafi yawan abin da ake gani ya taru.