Goge Kan Bidi'a: Masu Suna da Waɗanda Aka Manta

Yauri ta ƙasar Kance, a jihar Damagaram, ba ta da nisa da Matameye, kuma tafiya kaɗan ce daga can mutum ya tsallaka iyaka ya faɗa ƙasar Daura. Iyakar kanta baƙuwa ce, domin sai tsakanin 1906 da 1908 Faransa da Ingila suka shata ta. Kafin nan abin da ya bambanta wannan yanki da kudancinsa shi ne jihadin 1804: Kano da Katsina da birnin Daura sun shiga hannun masu tuta, Damagaram da Maraɗi da Tsibiri kuwa ba su shiga ba. Sarakunan Daura na Haɓe da aka kora ma a Zango suka ƙare, ƙarƙashin inuwar Damagaram. Wannan rabuwa ta bar tabo a tarihin goge.

Goge ba shi da kayan haɗi masu yawa. Ɓarin ƙwarya ne da aka rufe da fatar guza, aka soka masa sanda, aka ɗaura tsagiya, wato gashin wutsiyar doki, ana goga ta da izga bayan an shafa ƙaro. Tsirkiya ɗaya tak gare shi, amma a hannun gwani yana kusan yin magana. Shi ya sa ƴan bori suka riƙe shi tare da garaya. Kowane iska da nasa take: na Sarkin Rafi dabam, na Ɗan Galadima dabam, na Malam Alhaji da na Inna dabam. Mai gogen da ke zaman girka dole ya san su duka, ya san wanda ke gaba da wanda ke bi masa, don in ya kuskure take, iska ba zai hau ba. Ilmi ne mai nauyi, kuma a ka ake riƙe shi.

Wannan kusanci da bori, da kuma taron maza da mata da kiɗan ke jawowa, shi ya sa malamai suka ƙyamace shi, har kirarinsa ya zama "goge kan bidi'a". A ƙasashen da jihadi ya ci, goge ya koma bayan gari da unguwannin baƙi. A arewa kuwa, inda sarauta ba ta yanke hulɗa da bori ba, ya ci gaba da fitowa fili. Ba banza ba ne Bajamushen nan Veit Erlmann, da ya so nazarin kiɗan bori a shekarun 1970, ya nufi ƙasar Maraɗi.

Sai dai abin mamaki, suna bai bi inda kiɗan ya fi kafuwa ba. Ya bi rediyo da faifai, su kuwa a biranen Najeriya suka fi yawa. Alhaji Garba Liyo na Funtuwa ya fitar da goge daga fagen girka ya kai shi dandalin rawa da nishaɗi. A 1976 kamfanin Folkways na Amurka ya fitar da faifansa, bisa ƙoƙarin makaɗin jaz Randy Weston, kuma har yau faifan yana ajiye a cibiyar Smithsonian. Audu Yaron Goge ma ya yi tashe. A ɓangaren kukuma, ƙanwar goge mai siririyar murya, Ibrahim Na Habu ne ya fito da ita, Ali Makaho da Ahmadu Doka da Hassan Wayam suka ƙara mata farin jini. Waɗannan su aka sani, kuma sun cancanta. Amma yawancinsu kiɗan birni suka yi. Mai gogen ƙauye da ya haddace taken iskoki bi da bi ba kasafai ya ga ɗakin ɗaukar murya ba.

Daga baya ma fagen ya ƙuntata. An kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, wa'azinta kuma ya ketara iyaka. Ahmadu Doka da kansa ya ajiye kukuma saboda addini. Da Zamfara ta ayyana shari'a a 1999, Kano da Katsina suka bi a 2000, gidajen wasa da yawa suka rufe. A Nijar, imzad na matan Buzaye, ɗan'uwan goge na jini, ya shiga jerin gadon duniya na UNESCO a 2013. Goge bai sami irin wannan gata ba.

Akwai wani labari daga nesa da ya dace a ajiye kusa da wannan. A jihar Kentaki ta Amurka, Bill Monroe, wanda ya kafa ƙungiyar da kiɗan Bluegrass ya samo suna daga gare ta, ya tashi a hannun mutum biyu masu gogen Turawa: kawunsa Pendleton Vandiver, da wani baƙar fata, Arnold Shultz. Shultz ya rasu a 1931, Vandiver a 1932, kuma babu ɗayansu da aka taɓa ɗaukar kiɗansa a faifai. Abin da ya tsirar da sunansu shi ne yaron da ya zauna gefensu yana raka su da nasa kayan kiɗa. Monroe bai daina ambaton su ba, kuma a 1972 ya fitar da faifai na kiɗe-kiɗen kawunsa, waɗanda ya tuno daga ka ya koya wa gwanin gogensa Kenny Baker.

Mai gogen Hausa ma ba ya zama shi kaɗai. A gefensa akwai ƴan ƙwarya, waɗanda kan shekara ashirin ko talatin suna bin maigida ɗaya daga girka zuwa girka, daga wannan kasuwa zuwa waccan. Su ne suka san wa ya koya masa, daga wane gari ya taso, da yadda yake karya taken Sarkin Rafi ba kamar na kowa ba. A ƙauyukan da ke tsakanin Kance da Yauri da Zango, waɗanda suka yi wannan zama a shekarun 1970 suna ƙuruciya, yau sun tsufa.