Neman Bayanan Layin Daskarewa da Juyewar Zafin Iska a Tsaunukan Alps: Nazarin Majiyoyi Uku

Tsakure

Maƙalar ta auna majiyoyi uku da ake dogaro da su wajen gano tsayin da ruwa ke fara daskarewa a tsaunukan Alps na ƙasar Suwizalan, ta kuma nuna inda biyu daga cikinsu ke gazawa idan iskar kwari ta fi ta ƙololuwa sanyi.

1.0 Gabatarwa

A mafi yawan lokuta, duk kilomita ɗaya da aka hau sama, zafin iska kan ragu da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Selshiyas. Tsayin da ma'aunin ya kai sifiri shi ake kira layin daskarewa, kuma da shi ake hasashen ko ruwa zai sauka ko dusar ƙanƙara. A daren 20 ga Agusta 2023, wayewar 21, hukumar MeteoSwiss ta auna layin a mita 5,298, wato sama da ƙololuwar Mont Blanc, ya zarce mita 5,184 da aka gani a Yulin 2022.

Da hunturu lissafin kan birkice. A daren da sama ta washe, iska ta kwanta, ƙasa kan zubar da zafinta, iska mai sanyi ta gangaro ta taru a kwari kamar ruwa a tafki. Haka aka samu digiri 41.8 ƙasa da sifiri a La Brévine a Janairun 1987, alhali tsayin ƙauyen bai wuce mita 1,000 da kaɗan ba.

2.0 Majiyoyin Bayanai

Ta farko ita ce balan-balan mai ɗauke da na'urar awo, wadda ake saki daga Payerne sau biyu a kullum. Ana samun alƙalumanta kyauta a rumbun IGRA na hukumar NOAA ta Amurka da kuma shafin Jami'ar Wyoming. Awon nata na gaske ne, hawa-hawa, sai dai Payerne a fili take, tsayinta kimanin mita 490. Iskar sarari balan-balan ɗin take aunawa, ba wadda ta maƙale a kwari ba.

Ta biyu ita ce ERA5 ta cibiyar ECMWF, mai bayanan kowace awa tun daga 1940. Tsawon tarihin nan shi ke jan ɗalibai, kuma a nan aka fi yin kuskure. Kowane gurbin lissafinta ya kai faɗin kilomita 31, don haka kwari da dutsen da ke gefensa kan zama tudu guda mai matsakaicin tsayi. Sanyin da ya taru a ƙasan kwarin sai ya ɓace daga alƙaluma.

Ta uku ita ce tashoshin ƙasa: na SwissMetNet, da na IMIS waɗanda cibiyar SLF da ke Davos take kula da bayanansu.

3.0 Tattaunawa

A ganin wannan maƙala, babban haɗarin yana cikin bayar da adadi ɗaya tak. Idan zafi ya juye, ma'auni na iya kasancewa ƙasa da sifiri a kwari, ya haura sifiri a tsakiyar dutse, ya sake faɗuwa can sama. Layin ya zama biyu ke nan, wani lokaci ma fiye. Rahoton da ya ambaci na sama kaɗai ya ɓoye ƙanƙarar da ke kan titin kwarin, kuma ruwan da ya ratso iskar ɗumi yana iya daskarewa da zarar ya taɓa ƙasa. Rayukan direbobi da mahaya duwatsu ne a ciki.

Saboda haka wajibi ne mai bincike ya faɗi wane layi ya ɗauka, sannan ya gwama tashar kwari da ta ƙololuwa mafi kusa, a awa ɗaya da sakin balan-balan, kafin ya amince da alƙaluman ERA5.