Tsakanin ɗari da bazara: yadda gidajen Magarya da Dungas suka saba jiran ruwa



Ga watan Fabrairu ya raba tsakiya. Da asuba har yanzu sai an hura wuta an ji ɗumi, amma kafin azahar mutum ya tuɓe rigar sanyi yana neman inuwa. Ƙurar hunturu ta fara sauka, kaushi da faso sun fara warkewa, tsofaffi kuma sun fara cewa “sanyi ya yi sallama”. Wanda ya ratsa ta ƙauyukanmu cikin mota a wannan lokaci zai ce ba a komai: gonaki fayau, maza ƙalilan, awaki na yawo. Mu da muka tashi a ciki mun san ba haka ba ne. A waɗannan makonni na tsakanin ƙarshen ɗari da faɗuwar ruwan farko ake gane gidan da zai kai damina da ƙarfinsa da wanda zai kai ta da bashi. Tarihinmu ma haka ya nuna.

Mu fara da rumbu. A tsarin gandu na kakanninmu, in an gama kaka an ɗaure damma, maigida yakan fitar da zakka da rabon da zai ba matan gida, sannan ya rufe babban rumbu. Ba a sake taɓa shi sai ruwa ya sauka an shiga noma, lokacin da kowa ke buƙatar fura mai kauri kafin ya iya riƙe hauya. To, da me ake rayuwa a tsakani? Da hatsin gayauna, wato ƴar gonar da mace ko saurayi ke noma wa kansa, da ƴar sana'ar hannu, da rage bakunan da ke ci. Asalin cin rani ke nan. Saurayi ya tafi Kano ko Hadeja ko Zinder ya ci abincin wani wuri, hatsin gida ya huta. Almajirai ma a wannan lokaci suke bin malaminsu gabas. Ko da mutum ya dawo da ɗan turmin atamfa kawai, ya riga ya yi wa gida amfani, tunda wata uku ko huɗu ba a auna masa tiya ba.

Aikin gida kuwa ba ya tsayawa. Yanzu ne ake buga tubali a yi yaɓe, a saƙa zana a gyara darni, a sake jinkar ɗaki tun kafin iskar bazara ta zo ta yaye ta. Yanzu ne ake kwashe takin turke a kai gona da jaki ko amalanke, a zuba tsibi-tsibi. A da, Fulani makiyaya kan sauka da shanunsu a gonar mutum su kwana a kai, shi kuma ya ba su hatsi. Mata na sussuka da surfe da daka, suna soya gyaɗa su fitar da mai da ƙuli-ƙuli, suna saƙar tabarma da faifai da kabar goruba, suna turke ɗan rago ko akuya da dusa da harawa. Da dare a kewaye murhu, yara na jin tatsuniya, da safe a sha kunun tsamiya ko a ci ɗumame. Duk wannan shirin damina ne, ko da ba a kira shi da sunan.

Tun kafin zuwan Nasara ƙasar nan a haɗe take da kudu. Sarautar Magarya na da jini ɗaya da Daura, Dungas da Wacha kuma na cikin tsoffin ƙasashen Sosebaki, kafin Damagaram ta shimfiɗa ikonta a kansu a ƙarni na 19. Faransawa sun kama Zinder a 1899, sannan bayan yarjejeniyar 1906 tsakanin Faransa da Ingila aka bi daji ana kafa alamun iyaka. Rana ɗaya ɗan Tinkim da ɗan Baɓura suka zama mutanen ƙasa biyu, alhali surukai ne, kasuwarsu ɗaya.

Mulkin mallaka ya taɓa wannan lokaci na shekara fiye da kowane. Da rani ake karɓar bodo, kuma da kuɗi ake so, ba da damin hatsi ba. Da rani ake kwasar maza aikin tilas na hanya da gine-ginen komanda, har sai da aka soke shi a 1946. Gidaje da yawa sun gwammace su tsallaka “ƙasar Ingilishi” da dare da su zauna. A cikin wannan hali yunwar 1913 zuwa 1914, wadda tsofaffi ke kira Kakalaba, ta tarar da mutane rumbu ba kauri.

Sai gyaɗa ta zo. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, kuma ƙasar Magarya ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren nomanta a Nijar. Bayan samun ƴancin kai aka kafa SONARA a 1962 don saye da fitar da ita, tare da UNCC mai kula da ƙungiyoyin manoma. Daga baya har masana'antar matse mai, SEPANI, aka gina a Magarya. Ku tambayi duk wanda ya haura shekara saba'in, zai ba ku labarin sikeli da tarin buhuna da manyan motoci. A zamanin nan ƙarshen ɗari lokacin kashe kuɗi ne: a biya bodo, a yi aure, a sayi keke ko rediyo, amarya ta jera kwanonin Kano a ɗaki. Amma akwai abin da ya biyo baya a ɓoye. Gonar da ake bari ta huta aka daina barinta, aka sare itatuwa don faɗaɗa gyaɗa, kuma saurayin da ya ga kuɗi a hannunsa ya fara ganin ba dole sai ya zauna ƙarƙashin gandun uba ba. Babban rumbu ya fara rarrabuwa zuwa ƙanana.

Farin 1973 ya karya wannan zamani, cutar da kwarin darɓa suka yaɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa shi. Kusan shekara goma bayan haka sai ga farin 1984, ya haɗu da rufe iyakar Najeriya daga watan Afrilun 1984 har zuwa 1986. Shi ya sa mutanenmu suka laƙaba wa yunwar sunan El Buhari. A shekarun nan ne dokar rufe rumbu ta mutu a gidaje da dama, don ba a rufe abin da babu. An ci iri, an sayar da garma da shanun noma, wasu sun jinginar da gona ba su sake karɓarta ba. Daga lokacin cin rani ya tashi daga dabarar tsimin hatsi ya koma neman abin da za a sayi hatsin da shi.

Amma daga wannan wahala abubuwa biyu suka fito da har yau suke riƙe da gidajenmu a ƙarshen ɗari. Na farko noman rani. Gwamnatin Seyni Kountché ta matsa wa jama'a su sauka fadama bayan 1984, mu kuma Allah Ya ba mu kwarin Korama da tafkuna inda ruwa ke kusa. Rake da rogo da dankali da tumatir da kabeji da salati na wajen Bande da Wacha da Guchi su ne ke shigo da ɗan kuɗin cefane a watan biyu da na uku. Duk wanda ya ga yara na shan rake a bakin lakwal a wannan lokaci ya ga amfanin fadama da idonsa.

Na biyu shi ne gawo. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Zamanin Nasara da bayansa itace ya zama na gwamnati, manomi na tsoron ma'aikacin gandun daji, don haka in ya ga tsiro a gonarsa sai ya cire tun bai jawo masa tara ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Magarya da Matameye da Mirya suka koma barin tsiron gawo suna yi masa sassabe mai kyau, ba tare da wani ya dasa musu ba. Binciken da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka fitar a 2006 ya kiyasta kusan eka miliyan ɗaya ta ma'aunin hekta da ta sake yin itace a waɗannan yankuna uku. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 sun ƙara wa manomi ƙarfin gwiwar cewa itacen gonarsa nasa ne. Gawo kuwa halinsa daban: da damina yake zubar da ganye ya bar wa hatsi rana, da rani yake yin kore. Ƴaƴansa a daidai wannan lokaci suke nuna su faɗo, lokacin da ciyawa ta ƙare. Yara su tsinto a buhu, a ba tumaki, a sayar da saura a kasuwa. Matar da a da take kwana rabin yini wajen neman itacen girki yanzu reshen da aka sassabe a gonar gida ya ishe ta.

To, yau ina muke? Yawancin gidaje a wannan wata mata ne da tsofaffi da yara. Maza na Kano da Legas, wasu Agadas, wasu Libiya ko Aljeriya, wasu wajen haƙar zinariya. Uwar gida ce ke auna tiya, ita ke yanke shawarar ko yau tuwo ko a tsaya ga kunu, ita ke zubin asusu, ita ke ɗaukar yaro zuwa likita. Tana jiran waya ta yi ƙara a ce an turo. Kuma da yake cinikinmu da naira ne, daga kasuwar Magarya har ta Maigatari ta ranar Alhamis, duk abin da ya sami kudu sai ya shigo mana har madafa. Mun gani da rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mun gani da ƙarancin takardun naira a farkon 2023, mun sake gani bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Dungas ta zama departema mai cin gashin kanta a 2011, amma tukunyar gidan Dogo-Dogo ko Malawa har yanzu da farashin Maigatari take tafasa.

Kada mu manta kuma ƙarshen ɗari da shigowar zafi lokacin sanƙarau ne. Iyayenmu ba su manta da annobar 1995 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu da 18 da suka rasu a jahar Damagaram daga farkon Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023, kuma Dungas ce ta fi kowa yawan masu ciwon. Yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, wuya ya sanƙare, don Allah kar a tsaya jiƙe-jiƙe, a kai shi likita a ranar. In an zo rigakafi a fito da yara.

Abin da ya sa muka kawo wannan tarihi shi ne abin da muke ji kullum daga masu kiranmu a rediyo. Da kaka an sayar da hatsi da wake da araha don biki ko biyan bashi, yanzu ga shi ana shirin sayen hatsin nan da tsada. Kakanninmu ba su yi lakwal ba, amma sun san bakin rumbu ba a buɗe shi don kwaɗayi. Ba mu ce a koma gandu irin na da ba, zamani ya wuce nan. Amma bankin cimaka na gari da tsarin ajiye buhu a karɓi bashi, wanda ake ce ma warantaj, ai dabarar rufe rumbu ce aka sa wa kwado da takarda. Inda akwai su a riƙe su da amana, inda suka mutu a zauna a tambayi dalili.

Ku da ke wajen nema, in za ku turo, ku tuna da iri da taki tun yanzu, kar a jira sai hadari ya haɗu farashi ya tashi. Ku da ke gida, a ware iri a ɗaure shi daban, ko yunwa ta matsa kar a kai shi turmi. In an fita sharar gona a bar tsiron gawo, kuma kar a yi wa babba aski har ƙwarya saboda awaki. Maigida kuma ya zauna da uwar gida su ƙirga damman da suka rage da watannin da suka rage, don ita ta fi shi sanin lissafin.

Nan da ƴan makonni zafi zai kankama, tsofaffi su fara duban Kaza da ƴaƴanta a yamma suna lissafin watan bakwai na manoma. Ku gaya mana yadda ake yi a garinku: har yanzu akwai gidan da ke rufe rumbu sai damina? Wa ya tuna zamanin sikelin gyaɗa? Ku tambayi tsofaffinku tun suna raye, ku rubuto mana. Allah Ya kai mu damina lafiya, Ya ba mu mai albarka, Ya dawo da matafiyanmu gida cikin rufin asiri. Amin.