Metronom: na'urar da ke koya wa mai kaɗa jita riƙe lokaci kafin neman sauri

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai koyon jita ya san wani aibi da kusan kowane sabon hannu ke da shi: inda kiɗan ya yi sauƙi sai ya ruga, inda ya yi wuya sai ya ja ƙafa, kuma bai san yana yi ba. Muddin shi kaɗai ne a ɗaki, babu mai kama shi. Ranar da ya zauna da mai ganga, ko ya shiga situdiyo inda ake biyan kuɗi a kan kowace awa, nan abin ke fitowa fili. Domin maganin wannan ne malaman kiɗa ke haɗa ɗalibansu da metronom.

Mene ne metronom?

Metronom na'ura ce da ke fitar da ƙara ɗaya a kai a kai, tazarar da ke tsakanin kowace ƙara da ta gaba ba ta canzawa. Sunan ya fito daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin awo da doka. Ana auna saurinsa da yawan bugu a minti ɗaya, wanda ake taƙaitawa da haruffan BPM a jikin na'urori da manhajoji. Idan aka sa shi a 60, yana bugawa sau ɗaya a kowace daƙiƙa. A 120 kuwa sau biyu.

Tsohon samfurin akwati ne na katako mai siffar dala, da sandar ƙarfe da ke lilo hagu da dama. Ana ɗaure shi da makulli kamar tsohon agogo. A jikin sandar akwai ɗan nauyi da ake turawa: in aka yi sama da shi bugun ya ragu, in aka yi ƙasa ya ƙaru. Ma'auninsa yakan kama daga 40 zuwa 208. A yau akwai na batir, akwai manhajojin waya na kyauta, kuma wanda ya rubuta sunan na'urar da Turanci a shafin bincike na Google zai ga ta bayyana masa nan take.

Asalinsa

Tun a 1696 wani Bafaranshe mai suna Étienne Loulié ya ƙirƙiro ma'aunin lokaci na makaɗa, amma nasa ba ya ƙara, sai an zuba masa ido. Samfurin da ya bazu a duniya aikin Dietrich Nikolaus Winkel ne, Bajamushen da ke zaune a birnin Amsterdam na ƙasar Holan. Wani Bajamushen, Johann Nepomuk Maelzel, ya ga aikin, ya ƙara masa ma'aunin lambobi, ya yi masa rajista da sunansa a 1815, ya shiga ƙera shi a Faris. Winkel ya kai ƙara, masana a Holan suka ba shi gaskiya, amma sunan Maelzel ya riga ya bi na'urar. Har yau haruffan M.M. da ake gani a saman takardun kiɗa shi suke nufi.

Ludwig van Beethoven na cikin manyan masu tsara kiɗa na farko da suka karɓe ta. A 1817 an buga lambobin saurin da ya ƙayyade wa manyan kaɗe-kaɗensa takwas na farko. Kafin nan, kalmomin Italiyanci ake rubutawa, irin su adagio mai nufin a hankali da allegro mai nufin da hanzari, kowane makaɗi kuma ya fassara su yadda ya ga dama.

Me ya sa ake farawa a hankali?

Hannu yana haddace abin da aka maimaita masa, ba ya bambance daidai da kuskure. Wanda ya kaɗa wani sashe da sauri sau hamsin yana tuntuɓe a wuri ɗaya, ya koya wa yatsunsa tuntuɓen ne, kuma kwance shi ya fi koyon sabo wahala. Hausawa na cewa sauri ya haifi nawa. Saurin da ake sha'awa a hannun gwanaye yana zuwa ne bayan motsin yatsu ya zama gajere, mai tsabta, babu ɓarnar ƙarfi. Wannan kuwa a hankali ake gina shi.

Lissafi ma ya nuna haka. A bugu 60, idan aka kaɗa sauti huɗu cikin kowane bugu, sauti huɗu ke nan a daƙiƙa. A 120 sun zama takwas. A irin wannan sauri babu damar tunani a kan kowane yatsa. Abin da hannu ya riga ya saba shi zai fito.

Yadda ake atisaye

Mataki na farko ba ya buƙatar jita. A sa metronom a 60, a riƙa tafi ko buga ƙafa tare da shi ana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu da baki. Alamar an dace ita ce ƙarar na'urar ta ɓace cikin tafin, kamar ta daina bugawa.

Na biyu, a ɗauki jita a kaɗa tsirkiya ɗaya, sauti ɗaya a kowane bugu. Daga nan a raba bugun gida biyu, sannan uku, sannan huɗu, hannun dama yana sauka yana tashi bi da bi.

Na uku, a shigo da hannun da ke danne tsirkiya. Sanannen atisaye shi ne a jera yatsu huɗu a gidaje huɗu na farko da ke wuyan jita, kowane yatsa da gidansa, a bi tsirkiyoyi shida daga mai kauri zuwa siririya, a dawo. Mai koyon sauya haɗin sauti, misali daga G zuwa C, sai ya ba kowanne bugu huɗu, ya tabbatar sauyin ya faɗa daidai kan bugu na ɗaya.

Ƙa'idar ƙara sauri mai sauƙi ce: sai an kaɗa sashen sau uku zuwa biyar a jere babu kuskure, sannan a ƙara bugu huɗu ko biyar. In kuskure ya fara shigowa, a koma baya. Wanda ya fara a 60 yana ƙara huɗu duk bayan kwana biyu zai kai 120 cikin kwana 30 a lissafi, ko da yake hannu yakan tsaya a wani mataki na kwanaki, kuma wannan ba gazawa ba ce. Yana da kyau a ajiye ɗan littafi ana rubuta lambar da aka kai kowace rana. Minti goma sha biyar kullum, bayan an taso daga ofis ko an rufe shago, sun fi awa uku a ranar Lahadi kaɗai.

Yaye kai daga na'urar

Manufar ita ce lokacin ya zauna a jikin makaɗi, don haka bayan an saba sai a rage taimakon. Mai kaɗawa a 120 zai iya mayar da na'urar 60, ya ɗauki ƙararta a matsayin bugu na biyu da na huɗu, shi ya cike na ɗaya da na uku. Wasu manhajoji suna yin shiru na ɗan lokaci sannan su dawo, mutum ya ga ko yana nan kan hanya. Ɗaukar sautin atisaye a waya a saurara daga baya yana tona gaggawar da kunne bai ji ba lokacin da hannu ke aiki.

Lafiyar hannu

Tseren lambobi yana da haɗari. Idan kafaɗa ta ɗaga, muƙamuƙi ya cije, ko babban yatsa ya matse wuyan jita, an wuce saurin da hannu zai ɗauka. Taurin fatar kan yatsu abu ne da aka saba gani ga mai koyo, amma zafi a wuyan hannu ko gwiwar hannu, da jin yatsu sun yi sanyi kamar ba a jiki ba, alamu ne na a tsaya. Maimaita motsi ɗaya da ƙarfi na iya kumbura jijiyoyi. In ciwon ya ƙi tafiya bayan hutu, a ga likita.

Iyakarsa

Metronom ma'auni ne, ba ya koyar da daɗin kiɗa. A kiɗan jita na Abzinawan Nijar, wanda irin su Bombino da Mdou Moctar suka kai duniya, sau da yawa waƙa takan faro a hankali ta yi ta ƙara wuta har ƙarshe, masu tafi da mai ganga suna biye. Wannan ƙarin sauri da gangan ake yin sa, kuma tare ake tafiya. Wanda ya san inda bugu yake shi ke iya gaba da shi ko jan sa baya yadda ya so. Wanda bai sani ba kuwa, kiɗan ne ke jan sa. Saboda haka mai koyo ya raba lokacinsa: wani kaso da na'ura, wani kaso da faifan gwanaye, wani kuma tare da sauran makaɗa.