Daga Filato Zuwa Bura: Wa Ya Riga Mu Zuwa Kufai?

Yau hirar tamu ta tarihi ce, kuma za mu fara da wata ƙasa mai nisa kafin mu dawo bakin kogin Isa.

A ƙasar Meziko akwai wani gari a bakin teku mai suna Kankun. Kowace safiya, tun rana ba ta ɗaga ba, motocin safa na tsayawa ƙofar otal-otal suna ɗaukar baƙi zuwa kufan al'ummar Maya. Maya muka ce, ba mayu ba, kada wani ya tsorata. Mutane ne da suka gina birane da dutse, suna da rubutunsu da lissafin kwanakinsu, ɗaruruwan shekaru kafin Turawa su isa can. Tafiyar kamar kilomita 200 ce zuwa Cicen Itza, inda ake da wani dogon gini mai matakala ta fuska huɗu. A wurin akwai ɗan jagora da zai zagaya da ku yana bayani, ku ci abincin rana, ku sayi tsaraba, kafin dare kun koma masauki. Direba ya samu, jagora ya samu, mai tuwo ta samu, hukuma ta karɓi kuɗin shiga. UNESCO ta saka wurin cikin kayan tarihin duniya a 1988.

Amma su ma ba haka suka fara ba. A ƙarshen ƙarni na 19 wani Ba'amurke, Edward Thompson, ya sayi gonar da kufan ke ciki, ya yi shekaru yana yashe wata tsohuwar rijiya da mutanen Maya ke jefa sadaukarwa a cikinta, yana aika zinariya da duwatsu masu daraja zuwa jami'ar Harvard. Sai daga baya Meziko ta farka. Ta kafa hukumar kula da kayan tarihi a 1939, ta kuma yi doka a 1972 wadda ta ce duk kayan mutanen da mallakar ƙasa ne. Wato sai da aka kwashe musu kaya sannan suka sa mai gadi.

To mu dawo gida. Mu ma a bakin ruwa muke, kuma akwai kufan da tafiyar yini guda za ta kai mu. A gundumar Tera, cikin jahar Tillaberi, kimanin kilomita 150 arewa maso yamma da Yamai, akwai ƙauyen Bura. A 1975 aka yi kiciɓis da wasu kawunan mutum-mutumi na yumɓu a wani fili da ake kira Asinda-Sikka. A 1983 masanin tarihi Bube Gado na cibiyar bincike ta IRSH, wadda ke ƙarƙashin jami'ar Yamai, ya jagoranci tono a wurin. A ɗan fili mai tsawon mita 25 da faɗin mita 20 kawai, sun tarar da tuluna har 630, an kife su baki a ƙasa, an jera su kusa da juna. Maƙabarta ce. Wasu tulunan dogaye ne, wasu masu ƙiba kamar randa, a kan wasu an ɗora kan mutum da kitsonsa da zanen fuskarsa. An samu ƙasusuwa, da kiban ƙarfe, da awarwaro, da duwatsun wuya. Abin da ya fi shahara shi ne wani mahayi bisa dokinsa, wanda aka harhaɗa gutsattsarinsa ya koma tsaye, ana ce masa mahayin Bura.

Gwajin masana ya nuna mutanen nan sun rayu tsakanin ƙarni na 3 da na 13. Ku lissafa da kyau: lokacin da mutanen Maya ke ɗora dutse bisa dutse a can, a nan yammacin kogi akwai masu narka ƙarfe, masu hawan doki, masu ginin tukwane da hannu mai kyau. Zamaninsu guda ne. Tun kafin Askiya Muhammadu ya hau sarautar Sanwai a 1493, mutanen Bura sun zo sun wuce.

Ga inda labarin ya ɓaci. A 1993 aka buɗe wani babban baje koli a birnin Paris mai suna Vallées du Niger, aka nuna wa duniya kayan Bura tare da na Mali da Najeriya da sauran ƙasashen da kogin ya ratsa. Duniya ta gani ta yaba, dillalan kayan tarihi su ma suka gani. Cikin 'yan shekaru sai ga mutane da diga da shebur suna bin filayen Tera, suna tono dare da rana. Talaka ne ke tonon, shekarar ta yi wuya, rumbu ba hatsi, dillali ya miƙa masa 'yan jikkuna ya tafi da kai guda. Tulun da ba shi da ado sai a fasa a bar shi nan. Kuma abin da masana ke faɗa gaskiya ne: idan aka cire tulu daga inda yake ba a rubuta zurfinsa da abin da ke gefensa ba, labarinsa ya tafi ke nan, ko da an dawo da shi gobe. Nijar ta yi dokar kare kayan gado a 1997. A 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta saka kayan Bura cikin jan jerin abubuwan da take gargaɗin kada a saya. A 2006 aka rubuta wurin cikin jerin wuraren da ƙasarmu ke neman UNESCO ta amince da su. Duk an yi, amma bayan ɓarna ta riga ta yi nisa.

Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: cikinmu nan Filato, mu nawa muka taɓa jin sunan Asinda-Sikka a lakwal? Ɓarawo ya san hanyar, dillali a Turai ya san farashi, mu masu kaya muna zaune. Wurin da motoci ke zuwa kullum, wanda mutanen ƙauye ke cin abinci da shi, ba a iya tona shi a ɓoye, domin kowa mai gadi ne. Abin da Cicen Itza ta samu ke nan, Bura ba ta samu ba.

Yanzu kuma ga matsalar tsaro. Ba za mu ce wa kowa ya kama hanyar Tera don yawon buɗe ido ba, kowa ya san halin da yankin ke ciki. Ba mu manta da ranar 9 ga Agustan 2020 ba, lokacin da aka kashe mutum takwas a Kure, wurin raƙuman dawa: Faransawa shida masu aikin agaji, da direbansu, da shugaban ƙungiyar 'yan jagoran wurin. Tun daga ranar sana'ar jagora ta shiga wani hali, kuma iyalai da yawa da ita suke ci. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Sai dai akwai tafiyar da ba ta buƙatar rakiyar soja. Gidan tarihi na Bubu Hama yana nan kusa da mu, tun 1959 yake buɗe. Yawancinmu ranar sallah kaɗai muke shiga, yara su kalli zaki da dorina, a sha lemu a fito. A gidan nan akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da da aka tono a hamadarmu, akwai busasshiyar itaciyar Tenere da mota ta kaɓe a 1973, akwai ɗakunan tufafi da kayan sana'ar kowace ƙabila. Mu shiga ɗakunan, mu nemi mai bayani, mu biya shi haƙƙinsa ba tare da ciniki ba. Malaman makaranta su kai ɗalibai, su ba su labarin Bura. Wanda aka kawo wa kan yumɓu a leda ana neman mai saye, ya ƙi, ya kuma faɗa wa mai kawowa dalili.

In Allah ya kawo zaman lafiya, muna fatan ganin ranar da mota za ta tashi daga Filato da asuba, ta ƙetare gadar Kennedy cike da 'yan makaranta, wani ɗan Bura ya tarbe su ya nuna musu filin, su dawo gida kafin magariba. Wanda ya taɓa zuwa can lokacin ana zuwa, ko yake da dattijon da ya ga tonon 1983, ya ba mu labari, za mu kawo shi a wannan shafi. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.