FASHIN BAƘI: Kwanon madubi ko gilashi, wanne ya dace da tocilar LED?

A watan Oktoban 2024, bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa sun shafe sama da mako guda cikin duhu. Ko babu irin wannan katsewa, a shekarar 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kimanin ƴan Najeriya miliyan 85 ba su da lantarki. A ƙasa irin wannan, tocila kayan aiki ce ga ɗan sintiri, da mai jinya, da mai gadi, da makiyayi.

Shi ya sa matasa masu gyaran kayan lantarki ke kwance tocila su sauya mata ƙwai ko batir. Sau da yawa kuma sakamakon ba ya gamsarwa: an sa ƙwai mai ƙarfi, amma hasken bai kai ƙarshen layi ba, ko kuma ya fito da baƙin rami a tsakiya. Laifin galibi yana ga abin da ke gaban ƙwan, wato kwanon madubi ko gilashin da ke sarrafa hasken.

Lumen daban, kandela daban

Ƙwan LED yana watsa haskensa gaba ne a faɗin kusan digiri 120. Idan aka kunna shi tsirara, zai haska ɗaki amma ba zai yi nisa ba. Aikin kwano ko gilashi shi ne tattara wannan haske zuwa inda ake bukata.

Ma'auni biyu ne ke bayyana lamarin. Lumen shi ne jimillar hasken da ke fitowa. Kandela kuma ita ce ƙarfin hasken a tsakiyarsa, kuma ita ce ke nuna nisa. Kwano ko gilashi ba ya ƙara lumen ko ɗaya, hasali ma yana cin wani kaso, amma yana iya ninka kandela sau ɗaruruwa.

Ƙa'idar FL1 da aka fitar a Amurka a 2009 ta ɗauki nisan tocila a matsayin wurin da haskenta ya ragu zuwa lux 0.25, kwatankwacin hasken wata a daren sha huɗu. A wannan lissafi, kandela 10,000 na kaiwa mita 200, kandela 40,000 kuma mita 400. Ke nan sai an ninka kandela sau huɗu kafin nisa ya ninka sau biyu. Ya kamata a sani kuma, nisan da ido zai iya tantance fuskar mutum bai kai wannan adadi ba.

Kwanon madubi

Kwano shi ne mafi daɗewa. Yana da lanƙwasa ta musamman da kuma matattara guda, inda idan ƙwai ya zauna daidai, hasken da ya bugi bangon kwanon zai miƙe gaba. Wannan ne ke ba da da'irar tsakiya mai ƙarfi. Hasken da ya fita kai tsaye ba tare da taɓa bango ba, shi ne na gefe da ke nuna wa mutum inda zai sa ƙafa.

Kwano iri biyu ne. Mai santsi yana kai haske nesa, amma ba ya rufa wa ƙwai asiri: duk wani aibi zai bayyana a matsayin zobba ko bambancin launi. Mai kaushi irin na ɓawon lemo yana gauraya hasken ya lafa, sai dai nisan yana ɗan raguwa. Ƙwai irin Cree XHP70, wanda guntaye huɗu ne a haɗe, yakan fitar da inuwa mai duhu a tsakiya idan aka sa shi cikin kwano mai santsi, don haka mai kaushi ya fi dacewa da shi.

Abubuwa biyu ke ƙayyade nisa. Na farko faɗin bakin kwano: idan faɗin ya ninka sau biyu, kandela takan ninka kusan sau huɗu, nisa kuma sau biyu. Shi ya sa Convoy C8 mai kwano sama da milimita 40 ta fi Convoy S2+ mai kwano kimanin milimita 20 nisa, ko da ƙwai da batir iri ɗaya ne. Na biyu ƙanƙantar fuskar ƙwan. Osram W1 mai fuska murabba'in milimita 1 ya fi Cree XM-L mai murabba'in milimita 4 kai haske nesa a kwano ɗaya, duk da cewa XM-L ya fi shi lumen.

Gilashi mai tudu

Wannan shi ne ke cikin tocilolin da ake ja a tura, waɗanda suka cika kasuwa. Idan gilashin yana kusa da ƙwai, haske na fitowa da faɗi ko'ina bai ɗaya. Idan aka ja shi gaba, sai ya jefa hoton ƙwan kansa a bango, shi ya sa ake ganin haske mai kusurwa huɗu.

Nakasarsa ita ce, a lokacin da aka ja shi, kaso mai yawa na hasken yana ƙarewa a jikin bututun, batir kuwa yana ci gaba da ƙonewa. Babu hasken gefe, don haka mai riƙe da ita yana hango nesa amma ba ya ganin ramin da ke gabansa. Sashen da ke motsi kuma ƙofa ce ga ƙura da ruwa.

Gilashin TIR

TIR dunƙulallen farin roba ne da ke haɗa aikin kwano da na gilashi. Hasken tsakiya yana ratsa ƙaramin gilashi, na gefe kuma yana bugun bangon ciki ya dawo gaba. Ta haka kusan duk hasken ke shiga ƙarƙashin sarrafawa, kuma mai kyau yakan fitar da kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari. Carclo na Birtaniya da LEDiL na Finland suna cikin sanannun masu ƙera shi, kuma ana sayar da shi bisa faɗin haske, kamar digiri 10, 25 ko 45. Akwai garau, akwai mai dishi-dishi, akwai mai zanen saƙar zuma da ke gauraya launi.

Ya fi kwano gajarta, kuma haskensa na sauka a hankali daga tsakiya zuwa gefe. Sai dai roba yana saurin karcewa, kuma zafi mai yawa na iya lalata shi.

Gilashin baki

Hatta shimfiɗaɗɗen gilashin da ke rufe bakin tocila yana da tasiri. Gilashi na gama-gari yana mayar da kusan kashi 4 cikin ɗari na haske a kowace fuska, kashi 8 ke nan a jimilla. Mai shafin hana ƙyalli, wanda ake gane shi da ɗan launin shunayya ko kore idan an karkata shi, asararsa ba ta wuce kashi 1 zuwa 2.

Inda aiki ke lalacewa

Kafin saye, sai an auna faɗi da zurfin kan tocilar, da ramin gindin kwanon. Ƙwayaye suna zuwa da girma daban-daban, kamar 3535, 5050 da 7070, wato milimita 3.5, 5 da 7 a kowane gefe, kuma kowanne yana da zoben roba da ke zaunar da shi a tsakiya. Kaurin wannan zobe ne ke ɗaga kwano ko sauke shi, kuma kuskuren da bai kai milimita ɗaya ba ya isa ya haifar da baƙin rami a tsakiyar haske.

Kwanon alminiyam yana ɗaukar wuta. Idan gindinsa ya taɓa dalmar da aka liƙa wayoyi da ita, wuta za ta haɗu, kuma da batirin litiyam hakan na iya jawo gobara. Ana kwantar da dalmar ne sosai, a rufe ta da tef mai jure zafi. Ba a goge cikin kwano da tsumma ko yatsa, domin shafin jikinsa ya fi takarda siriri, hura masa iska kawai ake yi. Idan an gama, a tabbata zoben robar da ke hana ruwa ya koma mazauninsa.

Kowa da bukatarsa

Mai gadin gona ko ɗan sintiri yana bukatar babban kwano mai santsi da ƙaramin ƙwai. Mai jinya, makaniki da ɗalibi sun fi amfana da TIR mai faɗi, domin tsakiya mai zafi a kan farar takarda ko fatar mara lafiya tana kashe ido. Mai tafiya a cikin unguwa, kwano mai kaushi ya ishe shi. A lokacin hunturu kuwa, ƙura na mayar da haske fuskar mai shi, don haka siririn haske da aka riƙe ƙasa da ido ya fi mai faɗi amfani.

Lambobin jikin kwali

Ba abin mamaki ba ne a ga ƙaramar tocila an rubuta mata lumen 100,000. Lissafi kaɗan ya isa ya tona wannan. Ko da ƙwai zai ba da lumen 150 a kowane wat, ana bukatar kusan wat 670. Batirin 18650 mai inganci yana ɗauke da abin da zai ba da wat 12 zuwa 13 na tsawon awa guda, ke nan da zai iya jure wannan jan wuta, cikin minti ɗaya da ƴan daƙiƙoƙi zai ƙare. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kayan da ake shigowa da su, FCCPC kuma ta kare haƙƙin masu saye, kuma a gabansu ya dace a kai ƙorafin irin wannan rubutu.

Mai gyara yana iya auna aikinsa da kansa. Ya tsaya mita 5 daga na'urar auna lux a ɗaki mai duhu, ya saita tsakiyar hasken a kanta, sannan ya ninka abin da ta nuna sau 25. Idan ta nuna lux 400, kandela 10,000 ke nan, wato mita 200. Idan ya yi haka kafin sauya kwano da kuma bayansa, zai san ko kuɗinsa ya yi aiki.